Naman Sunan Ummul Khairi

Wuƙaƙen Malam Kyari sun fi mutanen gidansa cin mai. Wannan ba sharri ba ne, duk unguwar Birni an sani. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya shimfiɗa darduma a tsakar gida, ya buɗe kabat ɗin gilashi, ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga musu mai, ya goge da farin ƙyalle, ya ɗaga su a rana yana murmushi shi kaɗai. Akwai na Buzaye masu kuben jar fata, akwai na Turawa masu naɗewa, akwai kuma waɗansu 'yan dunƙule-dunƙule da in ka buɗe su sai ka ga awartaki, almakashi, zarto, magagari, turnabis na kwance ƙusa, har da abin sakace. Irin waɗannan ya fi ƙauna. Kullum da guda a ƙugunsa in zai tafi biro, wato ofishinsu, ga shi kuwa aikinsa buga hatimi ne a kan takarda, ko fensir ba ya fiƙewa.

Kabat ɗin ma na matarsa Balki ne, na jerenta. Tangarayen da ke ciki tuntuni aka kwashe su a kwali aka tura ƙarƙashin gado. Ita kuwa da wani guntun ƙarfe take yanka albasa, wanda ƙotarsa ta fita ta naɗe da tsumma. Ƙyauren banɗakinsu ya shekara yana reto da ƙusa ɗaya. Ranar da ta ce ya ɗauko mai turnabis ɗin nan ya ɗaure shi, kallon da ya yi mata kai ka ce zagin mahaifinsa ta yi.

"Wannan ba ta aiki ba ce, Balki. Da zarar ta taɓa ƙusa darajarta ta faɗi."

"To ta mece ce, Malam?"

"Jari ce. Ke dai ba za ki gane ba."

Abu ɗaya ne a gidan nan Balki ke bugun ƙirji ta ce nata, wato ragon da ke ɗaure a gindin dalbejiya. Tun da ta tabbatar tana da ciki, bayan shekarun da ta yi tana jira, ta kwashi adashinta ta hau motar Mirriya ta sayo shi yana ɗan ƙarami. Ta san mijinta, ta kuma san bakin mutanen Birni. Yaron da ba a yanka wa ragon suna ba, gorin yana bin sa har ya yi furfura. Ko faɗan wasa aka yi a bakin famfo sai an tuna masa. Ta rantse ba za a yi wa nata ɗan wannan gori ba, ko da kuwa za ta kwana da yunwa. Ta kuwa sha kwana da ita, don sau da yawa kuɗin cefanen da ba ya isa shi take gutsura ta sayi dusa da harawa. Rago ya yi ƙiba ya yi sheƙi, cikinta ya girma, ita kuma ta rame sai ido.

Ta haihu ranar wata Talata a matanite, asibitin haihuwa, aka samu mace. Mahaifiyar Balki ta rasu, saboda haka ba ta tafi wankan gida ba. Ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Sa'a, ita ta zo daga Gidimuni don ta yi mata wankan jego. Tsohuwa ce gajera mai ƙarfin murya, irin waɗanda ba su iya raɗa ba.

Da aka dawo gida aka kwantar da jaririya, Gwaggo ta leƙo tsakar gida.

"Kyari, miƙo min wuƙa guda in sa a ƙarƙashin matashin yarinya. Ba a barin jariri ba ƙarfe a kansa kafin suna."

Kyari ya sosa ƙeya.

"Gwaggo, ai wannan camfi ne. Addu'a ta wadatar."

"Na ji, Malam liman. A yi addu'ar, a kuma ba ni wuƙar. Ga su can fal kabat kamar rumfar maƙera."

"Ɗakin mai jego akwai tururi, Gwaggo. Ga ruwan zafi, ga fitsarin yara. Tsatsa za su yi."

Gwaggo ta tsaya tana kallonsa, baki buɗe. Daga nan ta shiga madafa ta ɗauko guntun ƙarfen Balki mai tsumma ta cusa ƙarƙashin matashin. Shi ke nan madafa ta zauna ba wuƙa. Tun daga ranar, duk sa'ad da za a yanka albasa sai Gwaggo ta yafa zane ta shiga gidan maƙwabciyarsu Ramlatu aro. Ramlatu kuwa, mace mai son dariya, kullum sai ta tambaya, "Daga gidan Malam Kyari ake aron wuƙa? Ko sun ƙare ne?"

Mai jego tana bukatar itace, tana bukatar ruwa, tana bukatar ƙauri da kunun kanwa. Ruwa a Damagaram kuwa kowa ya san ba kyauta ba ne, sai ka tare mai kura ka biya. Kyari ya kawo itace ɗauri ɗaya ranar farko, ya ce sauran sai albashi ya fito. Ƙauri kuwa ya ce likitocin zamani sun ce kitse yana sa hawan jini. Gwaggo ta yi ta tsintar kara da kwali tana hura wuta, ruwan wanka ya riƙa fitowa da ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi. Kwana biyu haka jikin Balki ya fara ciwo. Ta kwanta da zazzaɓi, nono ya ƙi zuwa sosai, yarinya ta yi ta tsala kuka. Balki takan leƙa ta taga ta ga ragonta yana tuƙa a inuwa, sai ta ji sanyi a ranta. Ko ba komai, wannan yana nan.

Da Hajja, mahaifiyar Kyari, ta zo barka, Gwaggo ba ta ɓoye mata komai ba. Hajja ta gyara zaman lafayarta, ta ja carbi.

"Ai ku gode wa Allah. Kyari ba ya shan giya, ba ya caca, ba ya bin matan banza. Ɗan abin da yake so ke nan. Kuma gado ne. Kakanninsa da suka zo daga Barno da makami a hannu suka zo."

"Su ai yaƙi suka yi da nasu," in ji Gwaggo. "Shi wa ya taɓa yaƙa? Ko kazar gidan nan almuru ake jira Malam na masallaci ya fito ya yanka."

"Namiji dai sai da abin da zai ɗebe masa kewa. Ke Balki ki yi haƙuri. Mu da muka haihu a zamaninmu, wa ya san wani ƙauri kullum?"

Ta ajiye sabulu biyu da turare, ta tashi. Har ta kai zaure ta dawo ta ce wa Balki ta daina yawan ɓata rai, yana tsinka nono.

Ranar Asabar da la'asar Mansur ya zo. Mansur shi ne mai kawo wa Kyari kayan nan, yana da ɗan shago wajen kasuwar Dole, kuma a fadarsu ɗaya suke shan shayi. Mutum ne mai laushin murya da tsabtar tufafi, bai taɓa kiran Kyari da sunansa ba, sai "Shef". Suka zauna a tsakar gida dab da tagar Balki. Tana kwance tana jin komai.

"Shef, wannan ban nuna wa kowa ba. Daga wani tsohon gida ta fito. Tun zamanin yaƙe-yaƙen Damagaram take. Dubi aikin azurfar da ke ƙotar."

Shiru ya biyo baya. Balki ta san irin wannan shirun. Ta san yanzu ya zare ta daga kube, yana juya ta a hankali, numfashinsa ya sauya.

"Akwai wani Bature a Yamai da ke nema," in ji Mansur, "amma na ce kayan kakanninmu ba za su ƙetare teku ba alhali Shef yana raye."

"Wata bai ƙare ba, Mansur. Ga hidimar suna."

"Haka ne. Allah ya sa albarka." Ya ɗan yi tari. "Kai, amma ragon nan ya samu kiwo."

Balki ta yunƙura ta tashi, jiri na ɗibarta, ta dafa bango har bakin ƙofa. Ba ta ko gai da baƙon ba.

"Malam, ragon nan na suna ne. Da kuɗina na saya, da hannuna na kiwata. Na gaya maka a gaban baƙonka."

Kyari ya yi dariya irin ta wanda aka kama.

"Wa ya ce miki wani abu? Yabawa kawai ya yi. Koma ki kwanta, zazzaɓi ne ke sa ki surutu."

Ranar Litinin jikinta ya tsananta, Gwaggo ta ce lallai sai an koma matanite. Kyari ya yi saurin yarda, har da tare musu adaidaita da kansa, abin da ya sa Gwaggo ta ce ashe yaron nan yana da sauran imani. Suka yini a layi. Aka ba Balki magani, aka yi mata faɗa a kan rashin cin abinci, kamar ita ta hana kanta. Da suka dawo wajen la'asar, tun daga zaure Balki ta ji gidan ya yi tsit. Ta shiga. Igiya tana nan ɗaure a gindin dalbejiya, ga kwanon dusa ko rabi ba a ci ba.

Kyari yana zaune a kan darduma, ya juya baya.

"Ina ragona?"

"Na kai shi a duba shi ne. Na ga kamar yana tari."

"Malam, ina ragona?"

Ya juyo. Wuƙar tana kan cinyarsa a naɗe cikin farin ƙyalle.

"Ki saurare ni da hankali. Ba sayarwa na yi ba, jingina ce. Albashi na fitowa zan karɓo shi, ko in sayo wanda ya fi shi. Na tambayi malamai, sun ce ana iya jinkirta yanka. Irin wannan wuƙar kuwa sau ɗaya take fitowa a rayuwar mutum. Nan da shekara goma kuɗinta zai yi wa yarinyar nan kayan ɗaki. Don ita na saya, wallahi don ita."

Balki ta zauna a ƙasa a inda take tsaye. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Kuka ta yi, irin mai fitowa daga ciki, har kafaɗunta na rawa. Baƙin ciki ya cika ta, da kunyar gobe, da haushin kanta da ta yarda ta bar gidan. Watannin da ta yi tana hana cikinta tana ba dabba, ashe Mansur take yi wa kiwo. Gwaggo ta miƙa mata jaririyar, ta juya wajen Kyari.

"Suna gobe ne, Kyari. Gobe da safe. Me za ka ce wa mutane?"

"Mutane ai ba nama ke kawo su ba, Gwaggo. Addu'a ke kawo su."

Washegari da hantsi ƙofar gida ta cika. An shimfiɗa tabarmi, an raba goro da dabino, waɗanda Hajja ta aiko da su don kada a ji kunya gaba ɗaya. Kyari ya sha sabuwar shadda fara ƙal. Mansur ma yana nan a sahun gaba, yana amsa gaisuwa. Daga ɗaki Balki tana jiyo muryar liman.

"Malam Kyari, a kawo ragon."

Ta ji mijinta ya yi ƙasa da murya yana bayani. Ta ji liman ya ce, "To, babu laifi. Addini bai matsa wa wanda ba shi da hali ba." Aka yi fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar: sunan yarinya Ummul Khairi.

Wanda ba shi da hali. Maganar nan ita ta tsaya wa Balki a wuya. A cikin gida mata sun cika tsakar gida, kowace ta ci ado, ana ta satar kallon igiyar da ke gindin dalbejiya. Ba wadda ta tambaya. Sai dai an fito da babbar tukunyar suya tun asuba, ga ta can a wanke a kife. Wanzami ya aiko a tambaya ko an ware masa rabonsa. Ungozoma ta ce ita fatar ragon kawai take jira ta tafi. Wata daga cikin dangin Hajja ta ce da ƙarfi, don a ji, ai matan yanzu ba su da tattali, miji na kawowa suna watsarwa.

Balki ta miƙa wa Ramlatu jaririyar. Ta ɗauko taɓarya a bayan ƙofa, ta nufi kabat ɗinta. Bugu ɗaya gilashin ya zube. Mata suka yi cirko-cirko. Ta jawo babbar fantekar da aka tanada don naman suna, ta riƙa kwaso wuƙaƙen tana zubawa, na Buzaye, na Turawa, masu zarto da almakashi, da ta zamanin yaƙe-yaƙen a bisa. Ta fito da fantekar tsakar gida, ta watsa gishiri cike da hannu, ta barbaɗa yaji, ta zuba yankakkiyar albasa, ta kwarara ruwan tsamiyar da aka jiƙa don kunu. Ta sa muciya ta juya sosai. Sannan ta rufe da faifai.

"Gwaggo, a kai wa maza."

Gwaggo Sa'a ba ta tambayi komai ba. Ta gyara ɗaurin zanenta, aka ɗora mata fantekar a ka, ta fita. Balki ta bi ta har zaure, ta tsaya a bayan labule inda take ganin waje.

Gwaggo ta sauke fantekar a gaban liman.

"In ji mai jego, ga naman suna. Ta ce a raba, kowa ya samu, kada a manta da wanzami."

Liman ya yi bisimilla ya ɗaga faifai. Ya daɗe yana kallo. Wani dattijo ya leƙa ya ce, "Ikon Allah." Wani saurayi a baya ya fashe da dariya, aka harare shi, ya toshe baki. Mansur ya tuna yana da wani uzuri a kasuwa, ya nemi takalmansa.

Balki tana kallon mijinta. Har a wannan lokacin, wallahi, tana da sauran fata. Ta zaci zai sunkuyar da kai. Ta zaci kunya za ta kama shi a gaban liman da dattawan unguwa, ya tashi ya bi Mansur ya ce a dawo da rago yanzu-yanzu, a mayar da wuƙa. Rana ba ta yi nisa ba, da an yanka kafin azahar da shi ke nan.

Kyari ya durƙusa a gaban fantekar.

"Gishiri," ya ce. "Da tsamiya. Wayyo Allah, za su ci tsatsa."

Ya tsoma hannu biyu ya fara tsamo su. Ya kama gefen sabuwar shaddarsa yana goge su ɗaya-ɗaya, yana buɗe kowane almakashi da kowane zarto yana hure yajin da ya shiga lungu. Hawaye na zuba a fuskarsa, na gaske, ba na yaji ba. Balki ta kwana huɗu tana rawar sanyi a gabansa bai ko taɓa goshinta ba. Mutane suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Liman ya shafa addu'a shi kaɗai, ya ce, "Malam Kyari, ashe kana da hali," ya sa takalmi ya tafi.

Kyari ya tattara su a cikin rigarsa, ya rungume a ƙirji, ya miƙe a hankali kada ɗaya ta faɗi. A zaure ya yi kiciɓis da matarsa.

"Balki, me suka yi miki?"

Balki ta kau da kai. Gwaggo ce ta leƙa cikin rigar, ta dube shi sama da ƙasa.

"Barka, Kyari. Allah ya raya maka su."

Da yamma Balki ta goya 'yarta, Gwaggo ta ɗauki ƙullin kaya, suka hau motar Gidimuni. A can ta ƙarasa wankanta, da itacen da 'yan'uwa suka tara mata.

A fadar su Kyari an tattauna maganar kwana da kwanaki, aka kuma yanke hukunci cewa Balki ta wuce gona da iri. Mace ba ta tona asirin mijinta a gaban jama'a, ko me ya yi. Hajja ta ce dama tun farko ta ga yarinyar ba ta da kunya. Ba wanda ya ce a kira Mansur, ba wanda ya tambayi inda rago ya kwana. Da albashi ya fito, Kyari ya sa aka gyara gilashin kabat, aka ƙara masa kwaɗo, ya sayi man goge tsatsa na waje mai tsada. Abin da ya rage bai kai kuɗin ɗan akuya ba, ya ce sai wata mai zuwa.

Bayan arba'in dangi suka taru suka mayar da Balki ɗakinta, saboda yarinya. Ta dawo ta tarar labarin ya riga ta zama a unguwa. Abin da ta yi wata da watanni tana gudu, shi ya same ta, har da ƙari. Yanzu yarinyar tana gudu da ƙafarta, tana zuwa bakin famfo da sauran yara, kuma har yau ba a yanka ragon ba. A duk Birni, in ka cire uwarta, ba mai kiranta Ummul Khairi. 'Yar Wuƙa ake ce mata, tana kuma amsawa.